MAJALISAR MASU KARATU: WA YA ISA YA YANKE WA LITTAFI HUKUNCI?

Duk wanda ya karanta littafin nan na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu mai suna Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito cikin 1990, ya san inda gizo yake saƙa a cikinsa. Rabi ta haifa wa mijinta Alhaji Abdu 'ya'ya tara, ta yi shekara da shekaru tana zaman haƙuri da shi cikin ƙunci da rowa, amma bai daɗe da auro Delu ba sai ya kore ta, ita da 'ya'yan. Rabi ba ta zauna kuka ba. Ta kama sana'ar sayar da abinci, ta ci da yaranta, ta aurar da 'yarta Saudatu a gidan mutunci. Ana nan sai gobara ta cinye kantin Alhaji Abdu, dukiya ta watse, aurensa da Delu ya mutu, sa'an nan aka taru aka matsa wa Rabi lamba a kan ta koma ɗakinta. Ta kuwa koma.

Yau fiye da shekara 30 ke nan da fitowar littafin, amma har gobe in mutum uku da suka karanta shi suka zauna wuri guda, da wuya su tashi da baki ɗaya a kan wannan kome na Rabi. Wani zai ce ai daidai ke nan, domin mace mai 'ya'ya tara ba ta da gidan da ya wuce na ubansu, kuma Alhaji Abdu ya riga ya ga sakayya tun a duniya. Wata za ta ce an cuci Rabi sau biyu, an kore ta sa'ad da akwai, an dawo da ita sa'ad da babu, don ta zo ta ciyar da wanda ya wulaƙanta ta. Na ukun kuwa zai ce duk su biyun sun saki hanya, gama marubuciyar ba ta ce abin da aka yi wa Rabi ya yi kyau ba, nunawa kawai ta yi cewa haka ake yi, ta bar mai karatu da ɗacin abin a bakinsa. Kowannensu yana da shafin da zai buɗe ya kafa hujja da shi.

Irin wannan gardama ita ce abincin littafi. Littafin da aka karanta aka rufe, ba wanda ya ce uffan a kansa, ya riga ya mutu, ko da kuwa a takarda mai sheƙi aka buga shi. To, abin tambaya a nan shi ne, wane ne ya isa ya yi wa littafi hukunci? Tarihin littafin Hausa ya nuna cewa an daɗe ana jan wannan igiya tsakanin masu karatu na gida, da malaman jami'a, da hukuma, da su kansu marubutan, kuma ba kullum ne wanda ya fi kowa ɗaga murya yake zama wanda ya karanta littafin ba.

DAGA ZAURE ZUWA AJI

Taruwa a kan littafi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan boko, almajiran ilimi suna zama a zauren malami, ɗaya ya ja baƙi, malam ya fassara ya yi sharhi, sauran suna saurare har layi ya zo kansu. A wajen mata kuma, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu cikin 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis suke ɗaukar waƙoƙinta su kai wa matan ƙauyuka, a zauna a rera a yi bayani. Sai dai irin wannan zama na ɗaukar karatu ne, watau magana daga sama take gangarowa. Almajiri yana iya tambaya, amma ba a tara shi don a ji ko littafin ya yi masa daɗi ba.

Littafin hira shi ya zo da wani sabon abu. Cikin 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya shirya gasar rubuta labarai, daga cikinta aka sami littattafai biyar waɗanda suka zama harsashi: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Tsakanin 1937 da 1939 Imam ya ƙaro Magana Jari Ce juzu'i uku, sa'an nan cikin Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, shi ne kuma editanta.

A wancan zamani masu iya karatun boko ba su da yawa, saboda haka littafi guda yakan isar wa unguwa. Ɗan makaranta ko malamin Yaƙi da Jahilci ya zauna bayan sallar isha'i kusa da fitila yana karantawa da ƙarfi, jama'a sun kewaye shi. A nan babu babba babu yaro wajen tofa albarkacin baki, gama labari ne, ba hukuncin addini ba. Wani ya goyi bayan Alhaji Imam, wani ya ce shi dai Malam Zurƙe ya fi burge shi duk da tsiyarsa, wani ya ce a maimaita wurin da Waziri Aku ya yi dabara. Wanda bai san ko harafi ɗaya ba yana iya fin mai karatun gane inda labarin ya dosa, kuma ba ya jin nauyin faɗa.

Abin mamaki, nasarar da waɗannan littattafai suka samu ita ce ta rage musu wannan armashi. Da suka shiga manhajar makarantu suka zama abin jarrabawa, sai ra'ayi ya koma amsa. Aka koya wa ɗalibi ya fitar da jigo, da warwarar jigo, da zubi da tsari, da salo, da taurari, kuma duk waɗannan kayan aiki ne masu amfani ƙwarai. Amma yaron da ya san cewa maki yake nema ba zai rubuta cewa wani wuri a Ganɗoki ya gundure shi ba, ko da kuwa ya gundure shi. Haka aka yaye ɗalibai masu ɗimbin yawa waɗanda suka iya yabon Imam ba tare da sun taɓa yin musu a kansa ba, alhali kuwa musun shi ne zai nuna musu inda gwanintarsa take.

Masu rubutattun waƙoƙi su ne suka riƙe al'adar gyaran juna. A Kano, ƙungiyar Hikima ta Alhaji Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta Alhaji Aƙilu Aliyu sun tara sha'irai, ana karanta waƙa a gaban masu kunnen kari da amsa-amo, in ƙafar baiti ta karye ba a rasa mai ji.

SHAGON HAYA

Majalisar masu karatu mafi girma da aka taɓa yi a ƙasar Hausa ba ta da shugaba, ba ta da magatakarda, ba ta kuma bar rubutaccen bayanin zamanta ba. Ga yadda ta samu. Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 ya shigar da yara masu yawan gaske makaranta, cikinsu har da 'yan mata waɗanda da yawansu aka aurar da su bayan sun iya karatu da rubutu da Hausa. Kamfanin NNPC na Zariya ya fitar da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina cikin 1980, cikin 1982 kuma gasar Gwamnatin Tarayya ta haifar da irin su Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Amma waɗannan ba su kashe ƙishirwa ba. Da tattalin arziki ya taɓarɓare, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta, sai matasa maza da mata suka shiga kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu.

Littattafan ƙanana ne, masu arha, ana raba labari guda kashi biyu ko uku, a yanke kashi na ɗaya daidai inda zuciyar mai karatu take lilo. Daga kasuwannin Kano 'yan kasuwa suke kwasa su kai Kaduna da Jos da Sakkwato, su kai Sabo ta Ibadan da Agege ta Ikko, su tsallaka Maraɗi da Damagaram. Wanda ba shi da kuɗin saye kuwa sai ya nufi shagon haya, ya ba da ɗan abin da ya samu a ba shi littafi na kwana ɗaya ko biyu. Matan aure da ke cikin kulle yara suke aika, da sunan littafin a 'yar takarda.

A nan ne hukunci yake fita. Littafin da aka karɓo da hantsi, kafin la'asar ya zaga ɗaki uku. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, ana tsintar shinkafa ko ana kitso, ana tsayawa ana musu a kan ko yarinyar cikin labarin ta kyauta da ta bijire wa iyayenta, ko uwargidan ta wuce gona da iri, ko kuwa mijin ne munafuki. Sau da yawa ba a kan littafin kaɗai ake magana ba. Matar da ba za ta iya buɗa baki ta faɗi abin da ke damunta a gidanta ba, tana iya faɗinsa tsaf da sunan wata Rabi ko wata Abu ta cikin takarda, kowa ya gane, ba kuma wanda zai ce ta tona asirin aurenta. Wannan yana daga cikin manyan ayyukan da littattafan suka yi, ko da yake ba a cika lissafa shi ba.

Yaron da ya mayar da littafi yakan koma da saƙo, a ce a gaya wa mai shago kada ya sake aiko da irin wannan, ko kuwa a ce in na biyu ya fito a ajiye. Mai shago ya san littafin da ya yage saboda yawan hannu, ya san wanda ƙura ta rufe. Shi zai gaya wa dillalin kasuwa, dillali ya gaya wa marubuci, wani lokaci tun marubucin bai gama kashi na gaba ba. Bugu da ƙari, marubuta da yawa sukan sa adireshinsu a jikin littafi, wasiƙu su yi ta zuwa, na yabo da na zagi da na neman shawara. Gidajen rediyo ma sun taimaka, gama shirye-shirye irin su Shafa Labari Shuni na Rediyon Kaduna sun kai labari kunnen wanda bai taɓa riƙe littafi ba.

Babu littafin da ya nuna ƙarfin wannan majalisa kamar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990. Labarin Sumayya ne, 'yar masu hali, wadda ta so Muhammad talaka, aka nufi a aurar da ita ga Abdulƙadir mai kuɗi, har ta kai ta ga faɗawa rijiya. Samari da 'yan mata suka rungume shi, iyaye da yawa kuwa suka ce ana koya wa 'ya'yansu taurin kai. Ƙungiyar marubutan da Gidan Dabino da Balaraba da Ɗan'azumi Baba suke ciki sunanta Raina Kama, kuma duk Bahaushe ya san ƙarashen wannan karin magana. Sunan kansa amsa ce ga masu kallon littattafan a wulaƙance.

GARDAMA TA HAU JARIDA

Ba a daɗe ba masana suka shigo. Malam Ibrahim Malumfashi, wanda daga baya ya zama farfesa, shi ne ya fi kowa zafi. A rubuce-rubucensa na jaridar Nasiha cikin shekarun 1990 ya laƙaba wa littattafan suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan Turanci da aka yi yayi a kasuwar Onica, waɗanda suka yi tashe suka ɓace. A ganinsa yawancinsu kwaikwayon finafinan Indiya ne da littattafan soyayya na Turawa, ba su da zurfi, ba su kula da matsalolin talaka ba, kuma ba za su yi ƙarko ba. Malam Ibrahim Sheme ya buɗe filin adabi a jarida ya bar kowa ya faɗi nasa, a Nasiha da kuma New Nigerian ta ƙarshen mako. Malam Abdalla Uba Adamu da Malam Yusuf Adamu, dukansu na Jami'ar Bayero, suna cikin waɗanda suka tsaya wa marubutan, suna cewa a duba yawan mutanen da littattafan suka koya wa son karatu, a kuma daina yi musu kuɗin goro da sunan soyayya, tun da akwai na jarumtaka da na bincike da na zaman iyali.

An yi shekaru ana wannan fafatawa, kuma ta haifar da abu mai amfani, domin ta tilasta wa kowane ɓangare komawa ga littafi. Da aka ce matasa suna aro daga Indiya, sai aka tuna cewa Imam da kansa ya ɗebo daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Turai ya gina Magana Jari Ce, ya sa musu rigar Hausa har ba a ganewa. Ashe aro ba shi ne laifi ba, abin dubawa shi ne ko mai aron ya iya ɗinki. Da aka ce rikicin so da kuɗi baƙon jigo ne, sai ga Jiki Magayi, wanda ya girmi marubutan duka, a kan wannan rikici aka gina shi: Malam Shehu mai dukiya ya aure Zainabu, ya bar Abubakar da ƙullin ramuwa.

Gaskiyar magana ita ce kowane ɓangare ya riƙe wani abu. Masu suka ba su yi ƙarya ba da suka ce akwai gaggawa, da karya ƙa'idojin rubutu, da maimaita labari guda da sababbin sunaye. Masu kariya kuma sun fi su hangen nesa, domin daga cikin tarin nan ne aka sami Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba, da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, waɗanda yanzu ake rubuta kundayen digiri a kansu. Shi kansa Alhaki Kuykuyo Ne, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga cikin 2012.

Sai dai akwai abin da ya kamata a lura da shi. Babban kashi na wannan muhawara da Turanci aka yi shi, kuma galibin masu yin ta maza ne 'yan boko. Matan da suka fi kowa karanta littattafan, waɗanda da kuɗin cefanensu kasuwar ta tsaya, ana magana a kansu ne, ba da su ba. Ana ta gardamar ko littafi yana ɓata tarbiyyar mace, ita kuwa macen tana tsakar gida ta riga ta gama tankaɗe da rairaya, ta san wanda za ta ba 'yarta da wanda za ta ɓoye a ƙarƙashin katifa.

WUTA

Muhawarar jarida, kome zafinta, da alƙalami aka yi ta. Abin da ya biyo baya ya sha bamban. Cikin 2001 Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i. Cikin 2007, a ƙarƙashin shirin gwamnatin jihar na A Daidaita Sahu, aka tara littattafan hira da aka karɓe daga hannun ɗalibai aka cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata, a bainar jama'a. A shekarar da ta biyo baya kuma aka yi ta kai ruwa rana tsakanin hukumar tacewa da marubuta a kan batun yi musu rajista da duba rubutunsu kafin ya shiga kasuwa.

Ba wanda zai musa cewa a cikin buhun akwai ruɓaɓɓen wake. An sami masu cusa batsa don neman kasuwa, kuma tun kafin hukuma ta motsa, masu karatu da marubutan kirki suna kuka da su. Amma wuta ba ta karatu. Ba ta bambance littafin da ya nuna mugun hali don a guje shi da wanda ya ƙawata shi don a so shi ba, alhali wannan bambanci shi ne farkon abin da duk mai karatu na gaske yake koya. Marubucin da ya ƙirƙiro mazinaci ko azzalumar kishiya a labarinsa bai zama ɗayansu ba, kamar yadda Tafawa Ɓalewa bai zama mai cinikin bayi ba don ya ba da labarin bauta a Shaihu Umar. Wanda bai karanta ba, bango kawai yake gani da hoton mace a jiki, da kalmar so a cikin suna, shi ke nan ya gama shari'a. Yarinyar da aka ƙwace littafi daga hannunta aka ƙone, ba a tambaye ta abin da ta fahimta ba, ba a kuma zauna da ita an nuna mata inda marubucin ya kauce ba. Abin da ta koya shi ne ta ƙara iya ɓoyo.

YABON DA YAKE KASHEWA

Akwai wata cutar kuma wadda ba ta da hayaƙi, ita ce yabon da ba karatu a bayansa. Al'adar Bahaushe ta kunya da kara abu ce mai kyau a zaman tare, amma a fagen sharhi takan ɗaure harshe. Yaro ba ya son ya ce littafin babba yana da rauni, kada a ce ba shi da kunya. Aboki ba ya son ya faɗa wa aboki, kada a ce hassada ce. A wajen bikin ƙaddamar da littafi ana kiran wani a ce shi ne mai sharhi, ya tashi ya zayyano tarihin marubuci da asalin gidansu da yawan shafuka, ya ce littafin ya cancanci shiga kowane gida, ya zauna, sa'an nan a shiga abin da ya tara mutane, watau sanar da gudummawa. Marubuci ya koma gida da kuɗi, amma bai ji ko kalma ɗaya da za ta gyara masa littafi na gaba ba.

Shi ya sa zaman da ƙungiyoyin marubuta suke shiryawa yake da muhimmanci. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, watau ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafa ta cikin 1981, reshenta na Kano ya shafe shekaru yana shirya zaman wata-wata, na Hausa daban na Turanci daban, inda mutum yakan karanta gajeren labari ko waƙa a bar jama'a su yi masa fiɗa. Wanda ya taɓa halartar irin wannan zama ya san yadda fuskar sabon marubuci take sauyawa sa'ad da aka ce masa tauraruwarsa ta yi magana irin ta farfesa alhali an ce ba ta gama firamare ba, ko kuwa aka tambaye shi ina yaron da aka haifa a babi na biyu ya shiga. Da zafi, amma irin zafin sakiya ne.

Zaman da ya amsa sunansa yana da alamomi. Mai magana yakan ce a buɗe shafi kaza, maimakon ya ce an ce. Wanda bai kai ƙarshen littafi ba yakan faɗi haka tun da fari, ya taƙaita bakinsa a kan inda ya tsaya. In marubucin yana wurin, gara ya yi shiru har a gama, domin da zarar ya fara bayanin abin da yake nufi, magana ta tashi daga kan abin da ya rubuta ta koma kan abin da ya so rubutawa, shi kuwa ba zai bi kowane kwafi gida-gida yana bayani ba. Abu mafi wuya shi ne raba "bai yi mini daɗi ba" da "ba shi da kyau". Mai karatu yana da iko ya ƙi jinin ƙarshen labarin Rabi, amma ƙin jinin nan da kansa shaida ne cewa marubuciyar ta iya aikinta, gama ba a jin haushi a kan mutumin takarda sai an yarda da shi. Gasar Hikayata ta mata zalla, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara cikin 2016, ta ƙara wani abu a nan, domin ana karanta labaran da suka yi fice a rediyo, mai sauraro ya auna zaɓin alƙalai da nasa kunnen, ya yarda ko ya ƙi.

Yau kasuwar bugaggen littafin hira ta ja baya ƙwarai, shagunan haya sun yi ƙaranci, yawancin sababbin labarai a wayar hannu ake karanta su. Masu karatu ba su ragu ba, musu ma bai ragu ba, sai dai yawancinsa a kan labarin da ake yayi ne a makon nan. Matasan da suka so su zauna su ɗauki littattafan shekarun 1990 ɗaya bayan ɗaya, su duba da idonsu ko Malumfashi ne ya yi gaskiya ko Abdalla, matsalar farko da za su ci karo da ita ita ce samun littattafan. An buga su a takarda marar ƙwari, hannu ya cinye wasu, gara ta ci wasu, wuta ta ci wasu, maɗaba'un da suka buga su kuma da yawa sun rufe. Farfesa Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun fitar da jerin sunayen ɗaruruwan irin waɗannan littattafai da aka buga tsakanin 1987 da 2002, jerin ya fito cikin 2004 a ƙasar Jamus, tarin littattafan da Furniss ya tattara kuwa yana ajiye a makarantar SOAS ta Jami'ar Landan.